Amfilifayar Baba a Kan Turmi

Ba zan taɓa mantawa da wata la'asar a zauren Baba Malam Idi ba, lokacin ina neman auren ƴarsa Rabi. A shekarar na fara koyar da kimiyya a wata sakandare kusa da Dawakin Tofa, kuma a ganina duk wani abu mai waya a jiki, ni ne masaninsa a ƙauyenmu.

Baba manomi ne, da rani yana noman albasa a bakin madatsar ruwan Watari. Babban ɗansa Nasiru, abokina tun firamare, shi ya haɗa masa sola, ya sayo masa amfilifaya da sifiku biyu don ya riƙa jin karatun Alƙur'ani a zaure. Da na gan ta ajiye a kan tabarma sai na ce wa Nasiru ai wannan zalunci ne. (Na karanta a waya cewa masu kuɗi a ƙasashen waje suna ɗora tasu a kan wani teburi na musamman, wai girgiza tana ɓata sauti. Ko rabin bayanin ban gane ba.) Na zana teburin ƙarfe mai hawa uku, na kai wa mai walda, aka shafa masa baƙin fenti, na ɗauro shi a bayan babur.

Ranar da na kai, Baba yana zaune da abokansa dattawa biyu. Ni da ya kamata in gaishe su in sunkuyar da kai, sai na ɓige da lacca. Na yi bayanin girgiza, na yi bayanin lantarki, har da zane a ƙasa da tsinke. Na ɗan ɗaga murya kuma, don na san katanga ɗaya ce tsakaninmu da cikin gida, inda Rabi take.

Nasiru ya ce, "To Malam, tunda abin a bayyane yake, mu gwada mana."

Ya ɗaure mini ido da hiramin Baba, na juya na fuskanci bango. Na ji ana ta jan kaya, sannan karatu ya tashi.

"Wannan a ƙasa take," na ce. "Ku ji yadda muryar ta dushe."

Aka kashe, aka sake jan kaya, aka kunna. Na girgiza kai irin na masana.

"Allahu akbar! Wannan shi ne teburin. Baba, ka ji yadda haruffa suke fita ɗaya bayan ɗaya?"

Sai na ji ɗaya daga cikin dattawan yana wani tari da ba tari ba ne. Na kwance hiramin. Amfilifayar tana zaune daram a kan turmin Inna, matar Baba, da aka kife. Wancan na farko da na ce ya dushe kuwa, a kan teburina take. Na rasa inda zan ajiye idona.

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Nasiru, sake. Bari ni ma in ji." Ya juya mana baya, ya lumshe ido. Nasiru ya riƙa sauya mata wuri, ni kuma ina tsaye ina fatan Baba ya kuskure ko sau ɗaya ne. Bai kuskure ba. Duk sanda aka ɗora ta a kan teburin, kafin a kai ƙarshen aya zai ce, "Ƙarfe." Tsakanin turmi da tabarma kuwa ya ce, "Waɗannan biyun ɗaya suke a kunnena, ba zan yi muku ƙarya ba."

Na ce, "Baba, don Allah ta yaya?"

"In mai karatu ya ja gunna, akwai abin da yake kuka a jikin ƙarfen nan. Ƙasa-ƙasa, ta hagu."

Ya taso, ya sa aka ɗora ta a kan teburin, ya bi hawan sama da hannu ya danne wani noti da yatsa. Wallahi sai da ƙarar ta ɗauke na san cewa tana nan. Wani siririn zuzu ne, nauyin amfilifayar ke danna farantin teburin ya taɓa notin da bai ɗauru ba. Ya ɗaga yatsa, zuzun ya dawo. Ya danne, zuzun ya tafi. Mutumin nan ya yi shekara da shekaru yana sauraron injin ban ruwa daga wancan bakin gona, yana gane ciwonsa kafin ya mutu, ni kuwa na zo ina koya masa yadda ake ji.

Ya sa aka ɗaure notin, ya ce, "Ka yi ƙoƙari, ɗana. Daɗi dai bai ƙara mata ba, amma ta tsira daga kaji da ruwan buta."

An ba ni Rabi, alhamdulillahi. Bayan biki na yi ta maza na tambaye ta ko ta jiyo abin da ya faru ranar. Ta ce, "Duka. Ai ni ce ma na miƙo wa Yaya Nasiru turmin."

Tun daga nan, in ɗalibi ya tambaye ni abin da a waya kawai na karanta, sai in ce mu gwada tukuna. Kuma shi nake sawa ya fara faɗin abin da ya ji, ni in yi shiru.