Tsibirin da Babu Sabil

Ni na hana a ɗauki ruwa, wannan ba na musu. Muna ɗalibai a Makka, muna haya a Kudai, muka shirya zuwa wani ɗan tsibiri can wajen Jizan lokacin hutu. Abokina Sagir ya sunkuto katan ɗin ruwa, na dube shi kamar wanda ya sauka daga jirgi jiya.

"Ajiye, malam. Wa yake dakon ruwa a ƙasar nan? Duk inda masallaci yake akwai sabil."

Tun zuwana Makka ban taɓa jin ƙishirwa ba tare da ruwan sadaka a kusa ba, shi ya sa na faɗa da muryar masu fatawa.

Mai kwalekwale ya sauke mu da hantsi, ya ce sai la'asar. Muka zagaye tsibirin kaf. Yashi ne da duwatsu da tsuntsaye, ba masallaci, ba ɗan Adam, waya ba sabis. Kafin azahar harshena ya koma kamar busasshen ƙirgi. Sagir kuwa leɓensa ya tsattsage. Na zauna ina tunanin wanda zai sanar da mahaifiyarsa a Zariya, da sunan da za a kira idan ta tambayi dalili.

Da mutumin ya dawo, jarkar ruwansa mai warin fetur muka wawushe.

Har yau, in muka wuce sabil a unguwar Jarwal, Sagir zai cika kofi ya miƙo min da hannu biyu: "Sha ka ƙoshi, Shehi. Gaba babu masallaci."