Ranar da Shugaban Gidan Waya Ya Yi Atishawa

Duk wanda ya ce annobar nan ba ta haifi jarumi ba, bai leƙa gidan wayar unguwarmu ba. Can za ka ga shugaban wurin, wanda ma'aikata ke kira Babban Hatimi idan ya ba da baya. Allah ya yi masa tumbi da murya, rediyo kuma ta mai da shi likita rana tsaka. Takunkumi biyu yake sawa, duka a haɓa, don kada umarni ya shaƙe.

Ranar da aka rufe hanyoyi, ya tara ma'aikatansa uku, ya hau kan akwatin kaya.

"Jama'a, ƙwayar cuta ba ta sayen kan sarki, amma tana tafiya! Daga yau duk wasiƙar da ta shigo sai ta yi kwana goma sha huɗu a killace. Likitoci na gadin asibiti, ni ina gadin ƙasa."

Aka buɗe ɗakin ajiya, aka ɗaura igiya, aka shanya wasiƙu kamar wanki. Kowace safiya yakan bi layi da na'urar auna zafi, yana haska kowace ambulan. Wata da ke kusa da taga rana ta dake ta, ya ƙara mata mako guda. Waɗanda suka zo daga nesa kuwa feshi yake musu har tawada ta narke. Wani tela ya karɓi tasa, har yau bai san ko gaisuwa ce ko sammaci ba.

Akwai wata tsohuwa da ɗanta ke aikin jinya a wani gari mai nisa, a ɗakin masu cutar. Kunnenta ya yi nauyi, waya ba ta yi mata amfani, sai takarda. Kullum tana bakin taga tana hango ambulan mai rubutun ɗanta tana lilo a igiya.

"Ɗan nan, ga ta can. Miƙo mini in san ko yana raye."

"Inna, saura kwana tara. Rigakafi ya fi magani. Wata rana za ki gode mini."

Sai ta share ido da gefen mayafi ta koma gida.

Aiki irin wannan bai kamata ya ɓuya ba, saboda haka Babban Hatimi ya gayyato ɗan jaridar rediyo da kansa. Ya kai shi ɗakin killacewa, ya gyara tsayuwa cikin ƙurar da shekara ta tara, aka fara watsawa kai tsaye.

"Ni a wajena doka ba ta san babba ba, ba ta san yaro ba. Ko alamar cuta na gani..."

Atishawa! Ta biyu. Ta uku har wasiƙun igiya suka yi rawa. Ɗan jarida ya ja da baya taku biyar, ya miƙo abin magana daga nesa.

Dattijon da ke raba wasiƙu a keke ya russuna. "Ranka ya daɗe, ambulan da ba ta ko tari kwana goma sha huɗu take yi."

Wanzami ba ya son jarfa, amma duk gari na saurare. Babban Hatimi ya ɗaga takunkuminsa zuwa hanci a karo na farko, ya tafi gida.

Cikin kwana biyu ma'aikata suka raba wasiƙun kaf, igiya ta zama fayau. Dattijon ya tsaya a ƙofar tsohuwa, ya karanta mata wasiƙar da ƙarfi har maƙwabta suka ji: ɗanta ya kwanta, ya warke, ya koma bakin aiki. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta sa ya maimaita sau uku.

Shi kuwa Babban Hatimi kullum sai ya bugo waya: "Yaya kuke fama babu ni?" A ce masa ana haƙuri.

Da tsohuwa ta kawo amsar wasiƙarta, ta leƙa ofis ta ga kujera ba kowa.

"Ina mai tumbin nan?"

Aka ce yana gida a killace.

"Allah sarki! Allah ya ba shi lafiya." Ta manna kan sarkinta, ta danna da babban yatsa. "Amma ku gaya masa ya huta sosai. Jiki ba a yi masa gaggawa."