Jar Fitilar Daraktan Damawa da Kowa

A duk kamfanin nan mai ƙera manhajojin waya, babu wanda ya kai Daraktan Damawa da Kowa son jin ra'ayin jama'a. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma yana maimaitawa a kowane taro. Ya raɗa wa kansa suna Kunnen Kamfani, ya sa aka buga a jikin kofunan shayi. Ma'aikata kuwa, saboda tsabar ƙauna, Lasifika suke ce masa da zarar ya ba da baya.

Allah ya yi masa baiwar tausayi. In ya kira taron jin koken mata, yakan zauna ya yi musu bayanin abin da ke damunsu dalla-dalla har lokaci ya ƙare, su tashi ba su wahalar da bakinsu ba. Akwai wani injiniya mai i'ina da tun zuwansa bai taɓa kai magana ƙarshe ba, domin kullum Lasifika na kusa da agajin gaggawa.

Ana nan sai mataimakin shugaba ya yi ritaya. Mutum biyu suka sa wa kujerar ido: Lasifika, da Daraktan Talla, wani mai zaƙin baki da shugabar kamfanin ke yawan yi wa barkwancinsa dariya. Wannan dariyar ce ta hana Lasifika sukuni, ita ce kuma ta tuna masa da halin da marasa murya ke ciki.

Ya tara injiniyoyi ya ba da umarni. A haɗa na'ura, a ɗura mata rikodin duk tarukan bana, ta gano wanda ya fi kowa cinye lokaci. Da mutumin ya buɗe baki a taro, ta kunna jar fitila a gabansa, ta kashe masa makirufo, ta ba shi haƙuri da ƙarfi. Yana bayani yana hango fuskar Daraktan Talla a ransa.

Mai i'ina ya ɗaga hannu. “Yallaɓai, to i-i-idan kai ne...”

“Idan ni ne zan ba ta muryata? Ƙanena, ka shiga zuciyata ka fito.”

Nan take ya gyara wuyan riga, aka ɗauki muryarsa aka ɗura wa na'urar.

Ranar ƙaddamarwa ɗakin taro ya cika. Shugaba na kan tebur, Daraktan Talla na gefenta yana murmushin da Lasifika ya tabbata shi ne na ƙarshe. Lasifika ya miƙe da jawabi mai kauri a hannu, ya danna maɓalli da yatsa ɗaya kamar mai buɗe gada.

“Ranki ya daɗe, 'yan'uwa, yau tarihi...”

Fitilar gabansa ta yi ja. Daga kusurwa huɗu na ɗakin wata murya mai daɗi, wadda ya fi ƙauna a duniya, ta ce, “Ɗan'uwa, mun ji ka. A bar wani ya taɓa.”

Ya yi 'yar dariya, ya ce gwaji ne. Muryar ta sake ba shi haƙuri. Ya bar makirufo ya ɗaga nasa maƙogwaron, ita ma ta ƙara ƙarfi. Ba a taɓa ganin mutumin da ya isa ya katse Lasifika ba sai ranar, kuma shi ne da kansa. Ya zauna. Fitilar Daraktan Talla koriya shar, kamar ganye bayan ruwa.

Fili ya samu. Mutane suka kalli juna, don ba su saba ba.

Wata mai zanen manhaja ce ta fara, a hankali. Ta ce ɗakin da aka ware wa masu shayarwa ya cika da allunan Makon Damawa da Kowa, masu hoton Darakta, shi ya sa take shayar da 'yarta a ɗakin injin kwafi. Wani mai keken guragu ya ce gangaren da aka gina masa a ƙofa ya yi kyau ƙwarai, yana fatan ya gwada shi wata rana, in mai baƙar motar da ke fakawa a kai ya tafi hutu. Kowa ya san motar. Mai i'ina ya ɗauki lokacinsa, ya faɗi jimla guda cikakkiya, aka tafa masa.

Lasifika na da amsar kowanne. Amma sai gyaɗa kai yake, don shi kaɗai ne abin da na'urar ba ta hana ba.

Shugaba ta ce ba ta taɓa ƙaruwa a taro irin na yau ba. Kujerar mataimaki ta ba Daraktan Talla. Lasifika kuma, tunda baiwarsa ta fito fili, ta naɗa shi Babban Mai Sauraro: kowane mako ya zauna da ma'aikata, na'urar na kunne. Ta ƙara da cewa ya janye motarsa.

Kafin ya kai gida ya gama mayar da abin nasara. Ya tarar da matarsa tana ninke kayan yara a falo, ya tsaya a kanta ya kwashe labari tun daga tushe: yadda ya ƙirƙiro, yadda ya sadaukar da muryarsa, yadda shugaba ta rasa bakin godiya. Ta buɗe baki, ya ce ta bari ya ƙarasa. Ta gama ninki, ta jera a kwando, yana nan yana yi.

Da ya tsaya kurɓar ruwa, ta samu kafa.

“Baban yara, wannan na'urar, akwai ƙarama ta gida?”