Ranar da Na Ce a Yanke Goggo

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da yamma ba, ranar da na buɗe baki a gaban mutum goma sha ɗaya na ce a yanke goggona daga cikin hoto.

Bari in fara daga farko. Muna da wata 'yar ƙungiya a nan Bauchi ta masu ɗaukar hoto don sha'awa. Babu wanda sana'arsa ce. Akwai malamin makaranta, akwai soja daga barikin Shadawanka, akwai ni ma'aikacin ofis da na sayi tsohuwar kyamara na fara jin kaina kamar wani abu. Asabar ɗin ƙarshen wata mukan haɗu bayan la'asar a falon Malam Buba, tsohon likitan dabbobi da ya yi ritaya, wanda shi ne shugabanmu. Kowa zai tura masa hoto ɗaya, shi kuma ya riƙa nuna su a babbar talabijin ɗinsa. Ƙa'idar ita ce ba a faɗin mai hoto sai an gama tofa albarkacin baki a kansa.

Ni kuwa a wannan lokacin na zama dodon falon. Na kalli bidiyoyin koyar da ɗaukar hoto a waya har na haddace maganganunsu, ga shi na je Yankari, na je Jos, na hau har Mambila na dawo da hotunan tsaunuka da tsofaffin da ban san sunansu ba. Da an saka hoto sai idanu su juyo kaina. Nakan gyara zama, in ɗan yi shiru (wannan shirun ma koyonsa na yi, don ya ƙara mini kwarjini), sannan in fara.

A ranar, hoto na bakwai da ya fito na wani lungu ne. Katanga ce da aka shafe da siminti aka yi mata shuɗin fenti, ga ƙofar ƙarfe a buɗe, hasken yamma ya faɗo a kanta. A gefen dama, kusan a bakin hoton, wata tsohuwa ce zaune a kan kujerar tsugunno cikin hijabi mai ruwan toka. Ta juya fuska tana kallon bakin lungun, don haka rabin fuskarta kawai ake gani, shi ma dishi-dishi.

Na yi shiruna na al'ada, sannan na ce, "Da farko dai hoton ya karkace. Na biyu, da waya aka ɗauka, kuma hannun mai ɗaukar ya motsa. Amma babbar matsalar ita ce tsohuwar nan. Me take yi a wurin? Ba ta kallonmu, ba ta yin komai, ta dai zauna kamar mai jiran wanda ba zai zo ba. Da ni ne, yanke ta zan yi, in bar ƙofar da hasken. A yanke tsohuwar, hoto ya yi kyau."

Sajan Dauda, sojan namu, ya gyaɗa kai ya ce, "Gaskiya ne, Oga." Na ji daɗi har cikin raina.

Malam Buba ya ce, "To, mai hoto ya bayyana kansa."

Hajara ce ta ɗaga hannu. Ma'aikaciyar jinya ce, wata biyu ke nan da shigowarta cikinmu, kuma ba ta cika magana ba. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ka ɗan ƙara duba hoton."

Na ce na duba, ai abin da na gani na faɗa. (Har da ɗan murmushin manya na yi mata.)

Ta ce, "Ƙofar Wambai ce. Lungun bayan masallaci. Nakan je in auna wa tsohuwar nan hawan jini duk Alhamis. Ranar nan ta ga ina ɗaukar hoton ƙofar, na ce mata muna da ƙungiya. Da na lissafa mata sunayenku sai ta riƙe hannuna ta ce, 'Ashe kina ganin Auta? To ɗauke ni ki kai masa. Tunda ƙafarsa ta kasa kawo shi, ko a hoto ya gan ni.'"

Babu mai kirana Auta a duniya sai mutum ɗaya.

Na sake kallon talabijin. Sai a lokacin na ga hannun da ke kan gwiwarta, da ƙaramin yatsan da ya lanƙwashe tun wata ƙuna da ta yi a bakin murhu kafin a haife ni. Goggo Laraba ce, yayar mahaifina. Ita ta ɗauke ni ina ɗan shekara uku da mahaifiyata ta rasu. Ita ta riƙa tashina da kunun tsamiya, ita take ɓoye mini ƙosai a ƙarƙashin faifai don kada yayyena su riga ni. Gidan kuma gidanmu ne. Katangar ƙasa na sani, da durumi a ƙofa. An shafe katangar, an sare durumin, Goggo ta rame ta ranƙwafa, duk ban sani ba.

Shekara huɗu rabona da gidan, tun sadakar bakwai ta rasuwar mahaifina. Ba faɗa aka yi ba. Da farko ba na iya jure ganin zaurensa babu shi, babu buzunsa, babu ƙarar rediyonsa. Daga baya kuma kunyar daɗewar da na yi ta hana ni, kullum ina cewa sai Juma'a mai zuwa. Daga unguwar Ɗan Iya inda nake zaune zuwa can, keke ɗaya ne. Mambila kuwa kwana biyu na yi a mota.

Sai na ji bakina yana cewa, "To... hasken dai ya yi kyau." Wani ya kasa riƙe dariyarsa ya mayar da ita tari. Malam Buba ya cire tabarau yana gogewa, bai dube ni ba, ya ce, "Mu je hoto na gaba."

Washegari da hantsi na tafi. Na rataya kyamarata a wuya, don in samu abin riƙewa. Na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa da laluben hannu, ashe idon ma ya yi rauni. Na yi sallama na durƙusa. Na shirya jawabin ban haƙuri tun a cikin keke, amma ba ta bar ni na fara ba. Ta shafa fuskata da hannu biyu ta ce, "Ka yi ƙiba. Matar taka tana ƙoƙari." Can kuma ta ce, "Yarinyar nan ta kai maka hoton? Na yi kyau?"

Na ce, "Kin fi kowa kyau, Goggo."

Ta ce, "Maƙaryaci. Tashi ka ɗauko tabarma."

Na yini a wurinta. Daga nan kuma kowace Juma'a bayan masallaci a can nake cin tuwo, har Allah ya karɓi abarsa wata tara bayan haka. Na ɗauke ta hotuna sun fi ɗari, masu kyau, ba karkacewa, ba dishi-dishi, tana kallon kyamara tana murmushi don ta faranta mini. Amma na Hajara ne na wanke na rataye a ɗakina, domin shi kaɗai ya kama ta tana jirana. Wani lokaci ina wucewa sai in ji kamar in na yi gyaran murya za ta juyo.

'Yan ƙungiya dai ba su yafe mini ba, har yau "Malam A-Yanke" suke kirana. Ina nan ina sharhi, don hali ba ya barin mutum. Sai dai yanzu in aka saka hoto nakan matsa kusa da talabijin in ƙare wa kowa da ke ciki kallo tukuna, don dangina suna da yawa a garin nan.