Rasuwar Akwati Mai Jan Ƙyalle

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kan da har yau ban iya ɗagowa ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar akwatin Baba, ruwan ƙasa, mai jan ƙyalle a hannu, wanda duk gidanmu ke kira Tsoho. Ya rasu yana da shekara talatin da ɗaya, a bakin aiki, a kan bel ɗin kaya na filin jirgi, a gaban mutum kusan ɗari, kuma a gabana.

Marigayin ya riga ni zuwa gidanmu. Baba ya saye shi a shekarar da ya fara aikin duba makarantu, suka sha yawo tare har ya yi ritaya. Mai haƙuri ne, mai rufin asiri. Ba a taɓa jin ya buɗe baki ya faɗi abin da ke cikinsa ba. Maganarsa biyu ce kacal: ƙarat-ƙarat in an danne makullansa, sai ƙiii-gwaf, ƙiii-gwaf ta tayarsa ta hagu, wadda Mama kan jiyo tun daga bakin layi ta ɗora ruwan wanka.

Da na gama jami'a na samu aiki a wani gari mai nisa, Baba ya sauko da shi daga saman wadirob, ya goge shi da kansa. Ya yago gefen wani tsohon jan mayafin Mama ya ɗaura masa a hannu, ƙulli biyu. Ya ce akwatunan filin jirgi kama suke yi da juna, amma da wannan ba zan taɓa kasa gane nawa ba.

Shekara uku ni da Tsoho muna zuwa gida tare a ƙaramin jirgin nan mai tashi kai tsaye, awa ɗaya da minti goma. Matar da ke auna kaya ma ta san shi, takan tambaye ni jikin Tsoho. Ciwon ajalinsa ya soma ne ranar da wani babban kamfani ya saye kamfanin jirgin namu. Aka sake wa jirage fenti, aka soke hanyarmu, aka ce kowa sai ya bi ta babbar tasharsu ya canza jirgi. Tafiyar awa guda ta koma ta wuni, tikiti ya yi tsada, matar nan kuma ban ƙara ganinta ba. Dattijon da ake ɗagawa sau biyu a tafiya ya koma ana jifa da shi sau huɗu, a hannun mutanen da ba su san shekarunsa ba. Da yake zuwa gida ya zama sau biyu a shekara, ni ma sai na riƙa ɗura masa tsarabar wata shida, ina zama a kansa kafin ya rufu. Ya rasa makulli guda. Na gani, na ɗaure shi da igiya kawai.

Ranar rasuwar, tunda yanzu kowa ta tasha ɗaya yake bi, na tarar da shugabar ofishinmu da abokan aikina biyu a jirgi na biyu, za su taro a garinmu. Tare muka tsaya jiran kaya. Sai ga Tsoho ya fito baki a wangale, an nannaɗe shi da salatif, taya guda ta tafi. Murfin tukunyar da na sayo wa Mama yana binsa a baya, da wasu tufafina waɗanda ko a tsakar gida ba na shanyawa. Wani ya fashe da dariya. Shugabarmu ta ce ko wane ne mai wannan akwatin, ya ji tsoron Allah ya bar shi ya huta.

Ni ma na yi dariya.

Sau bakwai ya zagayo ta gabana. Na ƙirga. Duk zagaye jan ƙyallen yana reto, ni kuma ina duba wayata. Da suka ɗauki nasu, na ce musu da jakar hannu kawai na zo.

A waje na tarar Baba ya zo tarbata, na gaya masa kamfani ya ɓatar da akwatin. Kwana huɗu yana buga musu waya. Sau biyu ya sa babbar riga ya je ofishinsu, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, ya ɗaga ta saboda ni. A rana ta biyar direbansu ya kawo gawar cikin babbar leda, da takarda. Ta ce akwatin bai ɓata ba, jirgi ɗaya muka sauka, ya yi ta zagayawa har aka kashe bel, ba wanda ya ce nasa ne. Baba ya sa tabarau ya karanta sau biyu. Bai tambaye ni komai ba. Wannan sanarwa ita ce amsar da bakina ya kasa bayarwa: Baba, na gane shi tun zagayen farko.

Marigayin ya bar taya ɗaya, da 'yan makullai biyu a zobe guda waɗanda ba su da sauran abin buɗewa, da ƙanwarsa jakar hannu. Ya kuma bar wani baƙin akwati sabo da na sayo shekaranjiya, mai taya huɗu, marar murya, irin na kowa.

Mai gyaran jaka na bakin kasuwa ya duba Tsoho, ya girgiza kai. Saboda haka za a mayar da shi makwancinsa, saman wadirob ɗin Baba, ranar Asabar bayan la'asar. Mama ce za ta yi masa sutura da tsohon zanin gado. Za a karɓi gaisuwa a falo. Ana roƙon masu zuwa kada su zagi kamfani fiye da rabonsa, domin ba shi kaɗai ba ne mai laifi.

Jan ƙyallen dai ba za a kai shi sama tare da shi ba. Yau da safe ina shirya kayan komawa, Baba ya shigo ɗakin. Ya tsuguna gaban Tsoho, ya daɗe yana kwance ƙullin da farce. Ya ɗaura shi a hannun sabon akwatin, ƙulli biyu, ya ja ya ga ya kama. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya sa takalmansa a bakin ƙofa, ya fita.