Inna Ba Ta Shiga Jaka

Jiya da la'asar, ni da furfurata, na tura mahaifiyata a cikin baron yashi tun daga ƙofar gida har saman tudu, ruwa yana dukan gwiwata, jaka tana kan cinyarta. Duk wanda ya gan ni ya yi dariya, na yafe masa. Waɗanda ban yafe wa ba, su ne za ku ji labarinsu yanzu.

Tun farkon damina mota mai lasifika ta zagaya unguwarmu tana shela cewa Mai Girma Uban Kwamitoci, Garkuwar Mazauna Kwari, zai zo ya koya mana yadda ake tsira daga ambaliya. Muka taru a filin makaranta. Manya suna cikin rumfa a kan kujeru masu laushi, mu muna tsaye rana tana gasa mana ƙeya. Ƙarti biyu suka ɗauko wata baƙar jaka mai sheƙi, suna lallaɓa ta kamar jariri. Mai Girma ya zuge ta da hannunsa mai albarka. Ya ɗaga tocila, muka tafa. Ya ɗaga abincin gwangwani, muka tafa. Ya ɗaga wata riga mai ruwan lemo da ya ce ko a kogi ka faɗa ba ka nutsewa, nan ma muka tafa, don mai ɗaukar hoto ya ce yana son ganin hannuwa. Ya umarci kowane magidanci ya haɗa irinta ya rataye a bayan ƙofa. Daga nan aka rufe jakar, aka mayar da ita bayan motarsa.

Maƙwabcina mai walda, wanda bakinsa ba shi da birki, ya ɗaga hannu.

"Ranka ya daɗe, in mun saɓa jakar, ina za mu dosa?"

"Wuri mai tudu," in ji Mai Girma.

"To ai tudun ku ne a kai, kun kuma zagaye shi da katanga."

Ikon Allah, nan take lasifikar ta lalace. Shi ya sa ba mu samu damar tambayar labarin magudanar ruwanmu ba, wadda kowane sabon babba sai ya zo ya sake aza harsashinta, har wani mai uwa a gindin murhu ya gaji da jira ya gina shaguna a bakinta.

Ni mutum ne mai biyayya. Na koma gida na zazzage tsohuwar jakar makarantar 'yata, na tara iyali a tsakar gida, na ce kowa ya kawo abin da ba zai iya rayuwa babu shi ba. Kada ku taɓa yin wannan kuskuren.

Na sa takardun gida da na haihuwar yara a leda, na ƙulle. Na sa tocila da ashana da tawul. Sai ga uwargida ta rungumo kan keken ɗinkinta tana nishi.

"Wannan kuma fa?" na ce.

"Shi ke ciyar da mu duk watan da albashinka ya yi ɓatan kai."

"Ai ba zai shiga ba."

"To fitar da takardun. Ka taɓa ganin wanda ya ci takarda ya ƙoshi?"

'Yata ta kawo kyanwa. Na ce a mayar. Ta ce Mai Girma bai ce ban da kyanwa ba. Na duba, gaskiyarta, bai ce ba.

Muna cikin wannan cacar baki sai Inna ta kira ni daga ɗaki. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, ko banɗaki sai an riƙe ta. Ta miƙo mini ƙullin magungunanta na hawan jini, na sa a aljihun gaba. Ta daɗe tana kallon jakar.

"To ni a wane aljihun za ka sa ni?"

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce, "In ruwan ya zo, ka kwashi yaran ku tafi. Kada ka tsaya jan tsohuwa." Na fito tsakar gida na rasa inda zan sa idona. Duk cikin jawabin Mai Girma babu inda aka ambaci wanda ba ya iya tafiya. Da alama a unguwarsu kowa da ƙafa huɗu ake haifarsa, masu taya.

Washegari na tafi ofishin da aka ce shi ke kula da irin wannan. Na tarar da akawu shi kaɗai yana gyangyaɗi a ƙarƙashin fanka. Ya ce manya duk sun tafi wani otal a can nesa, taron ƙara wa juna sani kan zama cikin shiri. Na ce ina da tsohuwa da ba ta tafiya, akwai motar da za ta zo? Ya nuna mini lambar gaggawa a jikin bango. Na ciro wayata na buga a gabansa. Sai ga ƙara tana fitowa daga aljihun teburinsa. Ya kalli aljihun, na kalle shi.

"Ba za ka ɗauka ba?"

"Ba a ba ni izini ba, Malam. Wayar oga ce."

Na yi masa godiya, don a ƙalla yanzu na san lambar tana aiki.

Mai walda ne ya ji kukana. Ya jawo wani tsohon baro daga bayan shagonsa, ya liƙe ƙafar da ta karye, ya ƙara masa majingina, uwargida ta ɗinka matashi. Inna ta rantse ba za ta shiga abin da ake kwasar yashi da shi ba, ko da ruwa zai kai rufi.

Jiya ruwan ya zo. Tun azahar yake zuba, kafin la'asar ya shigo ɗaki ba sallama, takalma suna yawo a kansa. Na sunkuya na ɗauki Inna, sai ta ƙanƙame wuyana da hannunta mai lafiya. Muka fita: ni da baro, uwargida da keke a ka, 'yata da kyanwa a cikin riga, mai walda a gaba yana laluba mana hanya da sanda don kada mu afka rami.

A saman tudu muka tsaya a ƙofar Mai Girma, mu da rabin unguwa. Mai gadi ya leƙo ya ce maigidan ya yi tafiya tun ranar da hadari ya fara haɗuwa. Lallai wannan ya san zama cikin shiri. Ya ce ba shi da ikon buɗe ƙofa. Sai idonsa ya faɗa kan Inna tana rawar sanyi. Ya buɗe ɗan ɗakinsa na gadi, ya ce, "Ku shigo da Mama, in ya so a kore ni." A kan bencinsa na goge mata jiki da tawul, na ba ta maganinta. Duk cikin jakar, abin da ya yi amfani ke nan. Ashanar ta jiƙe, tocilar ta mutu tun a hanya.

Yau mun koma muna kwasar laka. Katifu sun tafi, amma ba mu rasa kowa ba. Ina cikin matse labule na ji Mai Girma a rediyo, daga inda yake, yana taya kansa murna cewa ba a yi asarar rai ba saboda jama'a sun bi shawararsa. Ya kuma yi albishir za a raba wa kowane gida jaka kyauta, da hotonsa a jiki. An ce babu komai a cikinta, amma an tabbatar mana hoton ba ya jiƙewa.