Rumfar da Na Yi wa Farantin Intanet

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka zo gwada intanet ɗina a Sharaɗa ba.

Ni da Hajiya Tabawa tun muna da ƙarfinmu muke gasa. A ƙofar kamfani ɗaya muka sayar wa ma'aikata abinci, ita shinkafa da wake, ni tuwo. Da Allah ya buɗa mana muka ajiye ludayi, amma gasar ba mu ajiye ta ba. Kwatsam sai na ji ta zuba jari a harkar intanet, irin na dogon ƙarfen nan da ake kafawa yana watsa sabis zuwa ofisoshi. Hankalina bai kwanta ba sai da na kira Injiniya Sagiru, ɗan ƙanena, na ce ni ma ya nemo mini nawa.

Ya ce, "Gwaggo, iri biyu ne ke kokawa a kasuwa. Na ƙarfe ya fi sauƙi ga mai saye, amma ga man dizal, ga mai gadi, ga hayar fili. Na faranti kuwa daga tauraron ɗan'adam yake ɗauko sabis kai tsaye. Sai dai kayansa da tsada, kuma in hadari ya haɗu yakan ja baya."

Na ce, "Abin da ya sauko daga sama ai ya fi wanda aka kafa a ƙasa. Sayo farantin." (Tsakanina da ku, na zaɓe shi ne kawai don ba shi Tabawa ta zaɓa ba.)

Aka kafa shi a saman benen shagunana. Wani Alhaji mai kamfanin roba ya ce zai zo ya gwada nawa da nata, wanda ya fi gudu shi zai ɗaukar wa ofisoshinsa duka. Kowa kuma ya san inda ya sa ƙafa, nan sauran masu kamfani suke bi.

Sagiru ya yi tafiya. Ni kuwa na lallaɓa na hau benen, na tarar da farantina fari tas, rana na dukansa, ga damina ta kawo kai. Ni da ko tukunyar miya ban taɓa bari a buɗe ba? Kuma da kunnena na ji an ce hadari ba ya yi masa daɗi. Na kira mai walda ya yi masa rumfar kwano, ta rufe shi ruf, har da ƙofa da kwaɗo saboda ɓarayi. Ban gaya wa kowa ba, so nake a gani a yaba.

Ranar gwaji na ci ado, na tuƙa tuwo da hannuna. Tabawa ta zo ta zauna, wai taya murna. Alhaji ya buɗe kwamfutarsa, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa kamar muciya a tukunya, ba abin da ya fito. Sagiru, wanda daga tasha ya wuto, ya hau sama yana share gumi. Can ya sauko a hankali.

"Gwaggo, wa ya gina wa faranti ɗaki?"

Na gyara mayafi na ce, "Ni ce. Kwano mai kauri na sa aka sayo, ba irin na yanzu ba."

"Sama yake kallo, Gwaggo. In bai ga sama ba, ba ya aiki."

Tabawa ta ajiye lomarta ta ce, "Ai Hajiya akwai tattali. Saura ki sa masa katifa da gidan sauro."

Alhaji ya rufe kwamfuta, ya yaba miya sosai, ya ɗauki na Tabawa. Washegari aka cire rumfar, sabis ya zubo kamar an buɗe famfo, amma ciniki ya riga ya tafi. Sai daga baya muka samu wasu masu jima a Challawa, inda ƙarfenta ba ya kaiwa. Rumfar kuwa awakina ke kwana a ciki, su dai ba su taɓa ƙorafi ba.

Yanzu duk abin da na sa jarina a ciki, kafin in nuna masa gata sai na tambaya ko irin wanda ake rufewa ne.